Kada a Sassaƙa Waƙar Alfadari a Kan Kabarina

Ni Gutierre ɗan Ordoño, wanda ya riƙe hatimin sarkin Kastila shekara goma sha tara, da hannuna nake rubuta wannan. Ƙafafuna sun kumbura, haƙorana sun zube, amma hankalina garau yake, har ya fi yadda nake so. Limamin cocinmu da alƙalin gari su ne shaiduna. Lope da Aldonza, 'ya'yana, ku karanta tare.

Na ɗaya. Lope, hasumiya da tumaki da dawakai naka ne, don kai ne babba, ba don ka cancanta ba. Amma limami ba zai ba ka mabuɗi ba sai ka cika na uku da na huɗu.

Na biyu. Aldonza, littattafaina naki ne, ke kaɗai kika taɓa buɗe su. A cikinsu akwai littafin nasiha ga sarakuna, wanda ya ci mini shekara goma sha biyu. Ranar da na miƙa shi, sarki ya jinjina nauyinsa ya ce, "Kai Gutierre, wannan ai sai tokare ƙofa!" Fadawa suka bushe da dariya. Ni ma na taya su.

Yanzu ku ji abin da ban taɓa faɗa muku ba. Ina da aboki a fada mai suna Suero, tare muka koyi Latin a Salamanka. Kun san al'adar fada: in an ci an sha, wani ya jefe ka da baiti, dole ka rama da ƙafiyarsa nan take. Suero ya tsokane ni da cewa dokina ya fi sanin hanyar gida a kan hanyar fagen yaƙi. Wasa yake yi. Ni kuwa don kada a ce an kayar da ni, na amsa cewa alfadarin ɗan aikensa ya fi sanin hanyar Aragon, ƙasar abokan gabarmu, a kan hanyar coci. Na san ƙanwar Suero ce ke aure can, ita yake aika wa wasiƙa. Sarki ya yi dariya, sai ya daina. Bayan kwana tara aka sare kan Suero a tsakiyar kasuwa. Ni na danna hatimi a kan takardar hukuncinsa na cin amanar sarki. Aka ba ni gonarsa ta zaitun da gidan niƙansa na bakin kogi, na karɓa har da durƙusawa.

Na uku. Gonar da gidan niƙan ba namu ba ne. A mayar wa Doña Sancha, 'yar Suero, wadda ke ɗinki a bayan kasuwa. Bara ta tare ni a ƙofar coci ta ce, "Ranka ya daɗe, gurasar gidanmu na da daɗi kuwa?" Na raɓa ta na shige coci, ni da ake cewa ba a taɓa rufe mini baki ba. Lope, da ƙafarka za ka je, hula a hannu. In ta zage ka, ka tsaya har ta gama.

Na huɗu. Na san ka ɗauko masassaƙi daga Burgos ya yi siffata da farin dutse, littafi a ƙirji, kare a ƙafa, ya kuma rubuta waƙar alfadarin nan a ƙasa. Da na tambaye ka dalili ka ce, "Haba Baba, ai da ita aka san ka! Har masu wanki suna rera ta a rafi." Gaskiya ka faɗa, abin da ya fi ba ni ƙyama ke nan. Waƙoƙi ɗari biyu na yi, na tuba, na yabon Ubangiji, babu mai baiti ɗaya a ka. Wadda ta kashe mutum ita ce ta rayu. Ka sallami masassaƙin. Dutse fili nake so, ba siffa, ba tambarin gida. A rubuta wannan kawai: "Suero bai ci amanar sarki ba. Gutierre ne ya yi ƙarya."

Na biyar. Kada ɗayanku ya tura ɗansa fada. Na ga yadda mutum ke shiga can da kunyarsa ya fito da sarƙar zinariya.

Shekara uku ba ku gaisa ba a kan kofin azurfar mahaifiyarku. Na ba coci shi jiya, yanzu sai ku nemi wani dalili ko ku haƙura. Ku biyu kuka rage, kuma in aka karanta dutsen nan babu gidan babba da zai ƙara gayyatarku, junanku kaɗai za ku samu. Ku riƙe juna.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu nauyin baki. Aldonza, ranar da za a kafa dutsen ki tsaya a wurin, ki karanta shi harafi harafi, don na san yayanki.