Jirgin da Ya Zagaya Tudun Wada

Litinin, 28 ga Mayu, 1951

Masu zaman makoki sun watse, gidan ya yi mini faɗi. Muntaka. Ga shi na rubuta sunanka, abin da bakina bai taɓa faɗa ba tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Kai ka koya mini bokon, kai ka ce a riƙa sa kwanan wata a sama yadda kuke yi a soja. To ina yi, ba ka nan balle ka ce baƙina ya karkace.

Ɗanmu Sabo ya buɗe rumfarka ta gyaran kekuna yau. Ya dawo bai taɓa tuwo ba.

Alhamis, 31 ga Mayu

Larai maƙwabciyata ta ce in wanke rigar kakin marigayi ta soja in ba da sadaka. Na ce to. Har yanzu tana warin baƙin mai, ban wanke ba.

Asabar, 9 ga Yuni

Azumin farko ba shi. Bayan la'asar wani jirgi ya wuce ta sama, na samu kaina ina jira a ce mini, “Wannan mai inji biyu ne, na hagun yana tari.” Shiru. Shi ko loma ce a hannunsa sai ya tsaya ya karkata kunne, ni kuwa in yi ta mita tuwo na hucewa.

Lokacin yaƙin Jamus aka zo neman masu sanin ƙarfe don sojan sama, ya ajiye kekuna ya bi. Kano, Maiduguri, daga baya Kaduna, har ya zama kofur. Ranar tafiya na riƙe gefen rigarsa na ce duk abin da za ka yi, ban da shiga wannan abin da ba shi da inda zai dafa. Ya ce, “Atika, aikina a ƙasa yake. Mu mu gyara, Turawa su tashi.” Da wannan maganar na rayu har ya dawo. Ina kewarsa, kewar da ko abincin buɗa baki ba ya wuce mini.

Laraba, 11 ga Yuli

Malam Kailani ya zo ta'aziyya daga Kano, abokinsa ne tun na soja. Ya zauna a zaure, ni ina bayan asabari saboda takaba. Bayan addu'a sai ga abin da ya kawo shi: yana aiki a filin jirgin Kano, ana ɗaukar samari koyon gyaran inji, shi zai tsaya wa Sabo. Wai za su riƙe masa gurbi zuwa bayan Babbar Salla, daga nan sai su ba wani.

Na ce a'a tun bai rufe baki ba. Yaron nan shi kaɗai Allah ya bar mini.

Da baƙo ya tafi Sabo ya durƙusa ya ce, “Inna, in ba ki sa albarka ba, ko tasha ba zan leƙa ba.” Ya tashi ya ɗauki buta.

Jumma'a, 13 ga Yuli

Sabo ba ya gardama. Da ma ya yi, in sami abin yi wa faɗa.

Lahadi, 5 ga Agusta

Larai ta shigo da dariya, wai masu kekuna na ƙorafi: Sabo ba ya miƙa keken da ya gyara sai ya hau ya kai unguwar Gyallesu ya dawo, ko ruwa ake tsugawa. Halin ubansa sak. Na sha yi wa marigayi tsiya cewa hawan banza yake so a keken mutane, shi kuma ya yi murmushi ya ce haka aka koya masa.

Yaron ya rame. Yana gaishe ni, yana cin abin da na ba shi, amma idonsa ba ya gidan nan.

Talata, 28 ga Agusta

Wannan dole sai na rubuta.

Malam Kailani ya dawo jin amsa. Na ɗan sassauto, na ce in har aikin irin na marigayi ne, a ƙasa, ƙafa ba ta barin ƙasa, zan yi tunani. Sai na ji ya gyara zama. Can ya ce, “Uwargida, ba zan yi miki ƙarya kina cikin takaba ba. A aikinmu, wanda ya kwance inji ya ɗaure, shi ke fara shiga tare da matuƙi a gwada. In hannunka ya yi ha'inci, kai za ka fara sani. Kofur bai taɓa barin wani ya shiga a madadinsa ba. Sabo ma in hannunsa ya nuna, wata rana zai shiga.”

Ashe ka tashi, Muntaka. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ni ina nan ina gode wa Allah mijina a ƙasa yake.

Bai tsaya nan ba. Ya ce wata rana suna Kaduna, su biyu suka shiga gwaji, matuƙin ya tambayi Kofur ina ne garinsu, ya ce Zariya, sai ya karkato da su nan. Suka ga dutsen Kufena, suka ga ganuwa, suka sauko ƙasa ƙasa suna zagaya Tudun Wada. Wai Kofur ya manna fuska a gilashi yana dariya kamar yaro, yana cewa, “Yanzu za ta fito, yanzu za ka gan ta.” Amma daga sama duk soraye iri ɗaya ne, bai gane namu ba, kuma babu wanda ya fito.

Na tuna ranar. Ina tankaɗe, kaji suka watse, na fizgi Sabo muka shige ƙarƙashin gado, ina ta tsine wa jirgin da wanda ke cikinsa.

Laraba, 29 ga Agusta

Haushinsa nake ji, kuma babu inda zan kai ƙara.

Asabar, 1 ga Satumba

Na tambayi Sabo ko ya sani. Ya sunkuyar da kai. Tun bara uban ya gaya masa a rumfa, ya ce kada Inna ta ji, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Wato kowa ya san mijina sai ni. Sun raba ni da tsoro, sun haɗa har da rabin mutumin suka ɓoye mini. Wannan dariyar da ya yi a sama, Kailani ya gani, wani Bature ya gani, ni da na wanke masa ƙafa yana jinya ban gani ba.

Na ce, “Kai ma so kake ka shiga?” Ya ce, “Ina so, Inna.” Ko kewaye-kewaye bai yi ba. Ban san ko in mare shi ko in gode masa ba.

Alhamis, 13 ga Satumba

An yi salla. Sabo ya yanka ragon, hannunsa irin na ubansa. Gurbin Kano saura kaɗan ya kuɓuce, bai tuna mini ba.

Litinin, 24 ga Satumba

Jiya na fita takaba. Yau da safe na kira shi, na ce ba don na yarda da abin ba, har gobe ina cewa ɗan Adam ba tsuntsu ba ne. Amma in na tsare shi, wata rana zai koyi ɓoye mini kamar ubansa, kuma ba zan iya sau biyu ba. Sharaɗi ɗaya: ranar da aka ce ya shiga, in ji daga gare shi. Na dafa kansa na ce Allah ya yi maka albarka, ya sauko da kai lafiya. Shi ya yi kuka, ni sai da ya fita.

Alhamis, 27 ga Satumba

Ya bi jirgin ƙasa na safe. Na ba shi rigar kakin.

Talata, 9 ga Oktoba

Shekaranjiya na fito da jan zanena daga akwati, ya yi warin ajiya, na wanke. Igiyar tsakar gida ba ta samun rana sosai, shi ya sa na sa tsani na shanya shi a kan soro, na danne bakinsa da duwatsu. Larai ta leƙo ta katanga ta ce, “Atika, wannan shanya ai ko daga Hanwa a hango ta. Yaron da ko sufana ba a gama koya masa riƙewa ba?” Na ce ta ji da girkinta, shanya ce kawai.

Tun jiya ya bushe. Ban kwashe ba.