Abin da Ya Hana Baba Zuwa Wurinki

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na rubuto ne in wanke Baba a wurinki. Ya daɗe bai ziyarci kabarinki ba, kuma wallahi ba mantawa ya yi ba.

Kin san yadda idonsa ya mutu tun kina nan, kin kuma san bai taɓa yarda a ja masa sanda ba. Daga ƙofar gida bishiyoyin maina yake bi, yana shafa kowace da hannu. A ta huɗu ya zauna kan dakalin Malam Buba mai ɗinkin hula su gaisa, a ta tara ya karya kwana zuwa maƙabarta. Ke ce mai tsokanarsa, wai bishiyoyin nan sun fi mu sanin cikinsa.

To an gyara mana titi, Inna. Kwalta sumul, hannu biyu, da shingen siminti a tsakiya. Duk wanda ya shigo Azare a mota sai ya yaba. Ni ma na yaba, har hoto na ɗauka. An sare bishiyoyin, an fasa dakalin, an haƙa lambatu mai zurfi ba murfi daidai inda ƙafa ke bi, ban kawo komai a raina ba.

Lokacin aikin yana Bulkachuwa wurin Goggo. Da ya dawo, a mota na sauke shi har ƙofar gida, ban faɗa masa ba. Wannan laifina ne, kuma yana cina.

Ranar Juma'a ya fita kamar kullum. Ya miƙa hannu inda bishiyar farko take a da, bai taɓa komai ba, ya ƙara taku. 'Yan acaɓa ne suka ciro shi daga lambatu, gwiwa a fashe, yana ta ba su haƙuri.

Na ce in ɗauko masa keke napep. Ya ce da ƙafa ya je zancenki, da ƙafa ya raka ki, ba zai zo miki a keke ba. Tun daga nan kowace Juma'a sai ya sa takalmi ya zauna a zaure har la'asar, sannan ya cire.

Jiya da safe ya kira ni. Bakin sandarsa kawai ya miƙo min, Innata. Na karɓa, na gode Allah da ba ya ganin fuskata.

Idan kin ji takun mutum biyu ranar Juma'a, mu ne.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata miki shi, Ya haɗa ku a inda inuwa ba ta ƙarewa.

Ɗanki mai kewarki,
Sabo