Tallan Gidan Kudai

Riyad, farkon Rajab

Zuwa ga ƙanwata Khadijatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Umma. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba.

Na rubuto ne don a waya ba kya barina in kai aya. Tunda mun yarda a sayar da gidan a raba gado, a nema wa Umma ƙaramin wuri, ban ga amfanin jan ƙafa ba. Amma ba zan ba dillali Ismail gidan ba. Kin san halinsa: a sha gahawa, a yi ta "kasuwa ta kwanta, sai haƙuri," a cinye rabin shekara, sannan ya yanki sa'insa, biyu da rabi cikin ɗari na kuɗin gida. Don ya nuna wa mutum ƙofa kawai?

Akwai kamfanin da ake biya sau ɗaya, kuɗi ƙayyadadde, ko gidan ya yi tsada ko ya yi araha. Su ɗora hotuna a shafinsu, duk mai neman gida ya gani a jawwal ɗinsa, wato wayar hannunsa. Iyakar aikinsu ke nan. Amsa waya, nuna gida, ciniki da takardu duk namu ne. Na riga na biya. Lambarki na sa, tunda ke ce a wurin. Gobe tallan zai fito.

Ki gaida Umma. Yayanki,
Ma'aruf

Kudai, Makka, tsakiyar Rajab

Yaya Ma'aruf,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, in wannan ita ce lafiyar. Sannu da ƙoƙari, wallahi ka iya ɗora wa mutum kaya kana can cikin sanyin ofis.

Tun ranar da tallanka ya fito jawwal ɗina bai huta ba. Ina salla yana ƙara, ina tuƙa tuwo yana ƙara. Wani ya tambayi nisan gidan da Harami, na faɗa masa, ya ce in rage. In rage nisan, Yaya! Masu zuwa kuwa ba mai tace su. Dillali ko ba komai ya san mai saye da mai yawon buɗe ido. Ka kuma manta Umma tana takaba. Duk namijin da ya shigo sai in kai ta ɗaki in rufe, ita kuma daga can tana ɗaga murya wai an ba baƙo gahawa da dabino? Na zama mai gahawar Kudai, ba ko sisi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ga babbar.

Ka san tun rasuwar Baba, Inna Shatu ta maƙwabta ce ke zama da Umma kullum, daga hantsi har la'asar. Tare suka yi zaman unguwar Nakkasa tun suna amare, tare suka dawo nan, katanga ɗaya tsakaninmu. Ita kaɗai ke sa Umma ta ci abinci. To ɗanta Rakan ya ga gidanmu a shafin, ya kai wa babansa, Baba Dauda. Tsohon nan ya ga falon amininsa a waya, da farashi a ƙasa kamar tsohuwar mota. Ba wanda ya je ya ce masa ci kanka.

Ina lissafin gado, kana lissafin sa'i, duk muka manta maƙwabci ake fara yi wa tayi. Tun daga ranar Inna Shatu ba ta sake taka gidan nan ba. Na je gaishe ta, ta amsa a bakin ƙofa, ta ce, "Ai mun gani, Allah ya kawo mai albarka." Ko ruwa ba ta ba ni ba.

Umma kuwa, duk aka taɓa ƙofa sai ta ɗago kai. Raina a ɓace yake, Yaya. Ka cire tallan nan.

Ƙanwarka,
Khadijatu

Riyad, ƙarshen Rajab

Khadijatu,

Salam. Na ga saƙonki, ki sassauta. Ba wanda ya hana Baba Dauda saye. Lamba tana nan, ya kira kamar kowa. Wa'adin tallan bai ƙare ba, in na cire kuɗin ya tafi a banza, ba sa mayarwa. Kuma wani Abu Rayyan ya same ni, yana so ya mai da gidan masaukin alhazai, tayinsa ya fi duk abin da na zata. Ni ma ba barci nake ba, kullum ina duba shafin kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Fushin tsofaffi ba ya daɗewa. Ki ba Umma haƙuri.

Ma'aruf

Kudai, farkon Sha'aban

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya kira kamar kowa? Mutumin da ya yi wa Baba wanka, ya shiga kabarinsa ya kwantar da shi, shi ne kowa? Haba Yaya. Ka daɗe a Riyad.

Ban nemi izininka ba, na je wurin Ismail. Na same shi a ofishinsa ya miƙe ƙafa, ya bar ni a tsaye har ya gama wayarsa. Ya ce, "A'a, 'yar Mukhtaru! Na ji kun zama dillalan kanku, ma sha Allah." Na haɗiye. Na ce me za a yi?

Ya ce da shi aka ba, kafin kowa ya ji sai ya shiga wurin Baba Dauda bayan la'asar, ya ce yaran Mukhtaru sun ce ba za su yi motsi ba sai sun ji ta bakinsa. In kuɗin ya yi masa yawa, dillali zai gaya wa, ba mu ba, ba wanda zai ji kunyar wani. Ya ce, "Shafi yana nuna gida, ba ya ɗaukar kunya. Ita nake ɗauka, ita kuke biya."

Sannan ya gaya mini abin da ba mu sani ba. Ashe Baba Dauda ya daɗe yana son gidan, don ya sa Rakan da amaryarsa a sama, ya bar Umma a ƙasa iya rayuwarta. Yana jira ne ta fita takaba, don bai ga ya dace ya yi zancen ciniki a gidan makoki ba.

Na ce to ya shiga tsakani mana yanzu. Ya shafa gemu ya ce zai duba. Ban yarda da wannan "zai duba" ɗin ba. Mutumin da aka hana sa'i ba ya zama haka kawai, kuma sau biyu ina hango motarsa a ƙofar su Baba Dauda.

Umma ta rame. Jiya na ji tana tambayar mai kawo gas ko ya ga Shatu. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, sai kai-komo nake tsakanin ƙofa da taga. Don girman Allah ka bar Abu Rayyan, ka taho da ƙafarka. Ba a ba da irin wannan haƙurin ta waya.

Khadijatu

Riyad, tsakiyar Sha'aban

Ƙanwata,

Salam. Na cire tallan, na sallami Abu Rayyan. Aiki ne ya riƙe ni, amma na sami hutu, Alhamis ta sama ina tafe. Ba zan shiga gidanmu ba sai na fara durƙusawa gaban Baba Dauda. Ki gaya wa Ismail na ba shi gidan, ya ci sa'insa lafiya. Ki ce wa Umma ta yafe mini.

Ma'aruf

Kudai, daren jiya na kasa rubutawa, yau Talata

Yaya,

Salam. Ka zo, amma ba sai ka yi sauri ba.

Ismail ya samo wa Baba Dauda wani gida a can bayan gari, babba, mai ɗaukarsu duka har da Rakan. An gama ciniki tun makon jiya, ya karɓi sa'insa a can. Za su tashi kafin azumi.

Inna Shatu ta shigo jiya yin sallama. Sun zauna ita da Umma, hannu cikin hannu, har aka kira magariba. Da za ta fita ta ce Baba Dauda ya ce ya yafe, ba komai.

Na gaya wa Umma ka cire tallan. Ta ce ka mayar. Ta ce yanzu ko wa ya saya, duk ɗaya ne.

Allah ya kawo ka lafiya.

Khadijatu