Zaren Auduga a Gindin Kibiya

Zuwa ga yayana Ɗanladi, a can ƙasar Mayahi inda aka ce kana zaune.

Bayan sallama da gaisuwar girma, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyali. Ni ne Nomau, ƙanenka. Ina faɗa, Malam yana rubutawa, kuma na roƙe shi ya karanta ta a ƙofar masallacin Korgom kafin fatake su tafi da ita, don abin da ke ciki bai kamata ya tsaya tsakaninmu ba.

Ka tuna yadda marigayi Baba ya raba mana aiki. Kai ne mai baka, ni ne mai gyaran kibau. In tsagar gindin kibiya ta dare, wurin da tsirkiya ke zama, sai in datse, in sake tsagawa da wuƙa, in tauna jijiyar saniya har ta yi laushi, in naɗa, in shafa ƙaro, a bar ta a inuwa kwana biyu. Baba kan ce, "Jijiya dai, Nomau. In ta bushe ita ke matse icce. Zare ba shi riƙe komi."

Damina bakwai ke nan, bayan girbi, ka ba ni kibau shida in gyara. Ranar ana kokawa a Tasawa, ni kuwa ƙafata tana ƙaiƙayi. Babu jiƙaƙƙiyar jijiya a gidan. Sai na warwaro zaren auduga daga mazarin Inna, na naɗa, na shafe da ƙaro da baƙin tukunya har ya yi kama da na gaskiya. Ka karɓa ka zuba a kwari, ko dubawa ba ka yi ba. Har godiya ka yi mini.

Kwana huɗu bayan haka mahara suka kora shanun Bello, Bafulatanin da ke shayarwa a rijiyarmu. Kai ka fara isa. Ka ja baka sau uku, sau uku tsirkiya na tsaga gindin kibiya, kibiyar ta faɗi gaban ƙafarka. Shanu suka tafi, ko ɗan maraƙi bai dawo ba.

Gari ya ce hannunka ne ya yi rawa. 'Yan mata suka sa ka a waƙar daka. Ina nan zaune a dandali, ina ji, bakina ƙum. Wata rana ma, Allah Ya gafarta mini, da aka yi dariya na taya. Kafin ruwan farko ka ɗaure kayanka ka bar garin.

Duk shekarun nan ina cewa a raina ba wanda ya sani. Sai watan jiya, da ciwon Inna ya yi nauyi, ta sa na jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gadonta. Kibau ukun nan ne, an warware zaren, ga farinsa nan fes. Ta ce, "Yayanka ya ce in ɓoye, kada gari shi gani. Ya ce kai yaro ne, ba ka iya ɗaukar waƙar."

Yaya, ni ba yaro ba ne a lokacin, har da gemuna. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na kasa ɗaga kai in dubi Inna. Ta rasu tana tambayar ko ka iso.

Na riga na je wurin Bello na faɗa masa. Yau kuma ga gari yana ji. Gonarka tana nan, ni ke nome ta, hatsinta yana rumbu dabam.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya wanke sunanka a bakin mutane, Ya sassauta zuciyarka ka dawo gida, ko ba za ka yi mini magana ba.

Na ba fataken kibau shida su kawo maka, na naɗa su da jijiya. Kada ka yarda da maganata. Ka kankare ƙaron da farce, ka duba.

Ƙanenka mai neman gafara,
Nomau