Ba Duka Ba Ne, Ledar Gyaɗa Ce

Abakpa, Enugu

Yaya Zuliha,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya su Ilham da makaranta?

Don Allah ki kwantar wa Inna da hankali. Giɓin da ta gani a bakina ranar da muka yi waya ta bidiyo, wallahi ba maigidana ne ya doke ni ba. Kada a turo kowa ya ɗauke ni.

Haƙorin nan ne da aka dasa min. Ƙarfen yana nan daram a dasashi, farin kan da aka liƙa masa ne ya saki. Kin san ni, in ina ƙulla gyaɗar sayarwa da haƙori nake tsinke leda. Ashe cikin ƙullin da Mama Nkechi maƙwabciyata ta saya ya faɗa, ta kawo min tana dariya.

Likita ya kankare tsohon simintin, ya busar da wurin, ya sake liƙawa. Na sha kunu har na ɗan rame, amma ya wuce. Na ma sayi almakashi.

In na zo Sallah, Inna ta soya naman da kyau, ta zauna kusa ta ga aiki.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Rabi