Rigar da Kika Binne

Kalk Bay, 1943

Zuwa ga Galiema, farin watana, inuwata ta tsakar rana, uwar Faldiela, mai yi mini takaba alhali ga ni zaune ina shan shayi!

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san aji uku na yi malam ya ce kifi ya fi allo buƙatata. Ni ne Moegsien mijinki, da fatata da ƙashina da gutsurarren haƙorin nan da kike wa dariya.

Ban ga laifinki ba a kan shekaranjiya. Wane mai hankali ne zai dawo daga lahira da sassafe, cikin hazon teku, ruwan sama ya yi masa jagab, ya ƙwanƙwasa ƙofa? Sai ni. Na san abin da matan garin nan ke faɗa, cewa wanda teku ya ci yakan zo sau ɗaya a jiƙe, in an buɗe masa sai teku ya ɗauki wani a gidan. Na ji muryarki ta bayan ƙofa: "Koma inda ka fito, bawan Allah, mun yi maka addu'ar arba'in, me kuma ya rage?" Hayaƙin turare ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Faldiela ta manna tafin hannunta a gilashin taga, kika fizge ta. Wayyo Galiema! Wannan fizgar ta fi ruwan teku sanyi.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Jirginmu, wanda muke kira Ouma, wato Kaka, saboda tsufa da tari, da can farautar manyan kifayen teku yake yi, yaƙi ya zo aka ɗora masa bindiga da gangunan bam aka ce ya raka jiragen kaya. Ni kuku, aikina in kashe mutanenmu da wake kafin Jamusawa su iso. A ƙarƙashin cikinsa akwai na'urar da ke cewa ting, ta yi shiru tana jiran amsa. In ruwa ya mayar da ting, to akwai jirgin ƙarƙashin ruwa yana laɓe. Shekara biyu muna jin ta, har cokalina ya koyi kiɗan.

Ranar da abin ya faru, teku ya kwanta lumui kamar mai a faranti, tsuntsayen da ke bin mu don ɓawon dankali duk suka watse. Klaas, mutumin ƙauyen Paternoster mai gadin gangunan bam, ya leƙo kicin haƙoransa na kaɗawa.

"Kuku, kana gindin wuta kana zufa kamar tunkiya, ba ni rigar nan mana."

"Matata ce ta saƙa, kai da ko budurwa ba ka da ita!"

"Shi ya sa, in ji yadda ake ji."

Na tuɓe na ba shi. Kin tuna rigar? Kin tuna damunar da kika saƙa ta, Faldiela na cikinki, ina riƙe miki zare a hannu biyu kamar wanda aka kama da sata? Kika sa jan kifi uku a wuya, yadda kowace matar masunci ke sa tata alama, kika ce, "In teku ya cinye fuskar, da wannan zan gane ka." Na ce ai cinye fuskar nan taimako ne. Ba ki yi dariya ba.

Ting ta dawo sau ɗaya tak. Sai bam ɗin Jamusawa ya same mu, Ouma ta rabe biyu. Ba ta yi kuka ba, Galiema, ta dai sunkuya ta shige, kuma na rantse ina kan katako ina jin na'urar tana kira daga ƙasa, tana nisa, tana nisa. Wani jirgin Fotugal ya tsince ni ya kai ni birnin Lourenço Marques, inda zazzaɓi ya mantar da ni har sunana. Klaas kuwa ruwa ya kawo shi gaɓarmu babu fuska, da jan kifi uku a wuya.

Jiya na ziyarci kabarina. Kin gyara shi, tauraruwata, har na ji kishi. Klaas Kirista ne kwance a ciki, liman ya sallace shi, an ci tuwon arba'in ɗinsa da sunana. Na so in yi dariya, sai na ji warin jiƙaƙƙen ulu, ga rana tsaka, ga ƙasa a bushe. A rumfar kwale-kwalen Boeta Salie inda nake fakewa, jiya da yau da safe na tarar da ruwa ya taru a bakin ƙofa, mai gishiri. Klaas ma gida yake nema. Uwarsa tana can Paternoster ba ta rufe ƙofa, an ce mata ba a ga gawa ba. Ni ma wani sa'in sai na waiwaya na duba inuwata kafin in yarda da kaina.

Kurciyata, ruwan daɗina, wa zai tabbatar mini ina raye in ba ke ba? Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan tsaya a gaban gidanmu, cikin rana, a bushe ƙayau. Kada ki buɗe. Ki miƙo mini koesister, fanken nan naki mai zaƙi, ta taga, ki gani ko matacce na lasar yatsa. In kin gamsu, mu je tare mu faɗa wa tsohuwar inda ɗanta yake, a sauya sunan da ke kan kabarin. Sannan ki saƙa mini wata rigar, zan riƙe zaren, ko liman ya roƙa ba zan ara ba.

Na aika tawa ting ɗin, na yi shiru ina jira.

Naki a ruwa da tudu, wanda kika binne sau ɗaya bai daina son ki ba,
Moegsien