Tulunan Baffa Fulgencio

Almería, 6 ga Yuni, 1994

Baffa Fulgencio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Inna Remedios kuna lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi.

Yau a matsayin sakatariyar ƙungiyarmu ta masu yawon ƙafa a hamada nake rubuto maka, tunda ka ƙi zuwa taro. Kwamiti ya yanke abu biyu. Na farko, babu fita daga Yuli har ƙarshen Agusta, saboda zafi. Na biyun ne mai ɗaci: an hana ajiye tulunan ruwa a kan hanya. Kowa ya goya ruwansa.

Ka san abin da ya jawo. Matar Anselmo ta sha daga tulun da ke gindin Jan Dutse, ashe ɓera ya faɗa ciki ya ruɓe, har yanzu tana asibiti. Kamfanin inshora ya ce in aka sake zai zare hannunsa, in kuwa babu inshora, ƙungiya ta rushe. Ranar Asabar muka kwashe tulunan kaf. Duk memban da ya mayar da su, za a dakatar da shi.

Baffa, sa ni aka yi na rubuta. Kar ka riƙe ni a zuciya.

'Yarka,
Casilda

Tabernas, 13 ga Yuni

Ranki ya daɗe, Sakatariya,

Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ta ce a gaishe da kwamiti.

Ni da marigayi ubanki muka fara binne tulunan nan tun ba ki iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ɓera ɗaya ya faɗa, sai a gyara murfi, ba a kwashe tulu ba! Na ji wa matar Anselmo tausayi, na aika mata da zuma.

Kun sanar da membobinku, sannunku da aiki. To wa ya sanar da makiyayan awaki da mafarauta? Kowa a kwarin nan ya san akwai ruwa a gindin Jan Dutse, shi ya sa yake fitowa da rabin gora. Mutum zai iso maƙogwaro a bushe, ya ɗaga dutse ya tarar da rami. Gara tun farko ba mu taɓa ajiyewa ba.

Na sayi sabbin tuluna. Ki gaya musu haka, da babbar murya.

Innarki ta ce ki zo ranar Lahadi ki ci migas, dambun burodin nan nata, wai kin rame.

Baffanki

Almería, 20 ga Yuli

Baffa,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

An ga tulunanka. A taron jiya Anselmo ya buga tebur ya ce, "Tsohon nan sai ya kashe mana wani zai huta?" Aka ce masu goyon bayan dakatarwa su ɗaga hannu. Na ɗaga nawa, Baffa. Gara ka ji daga bakina.

Ba don inshora na ɗaga ba. Inna ta faɗa mini abin da likita ya ce game da zuciyarka, ta kuma ce kana saɓa jarka cike da ruwa ka shiga kwarin nan kai kaɗai. Na ce ko in an cire ka, za ka yi fushi ka zauna a gida. Na binne uba ɗaya, ba ni da ƙarfin binne na biyu. Tsoro nake ji.

Zan roƙi kwamiti a kafa allunan gargaɗi domin makiyaya. Ka ba ni zuwa Satumba.

Taka,
Casilda

Tabernas, 29 ga Yuli

'Yata,

Na gode da gaskiyar da kika faɗa. Halin ubanki ne sak, shi ma bai iya ɓoyo ba.

Sai dai dabararki ta juye. Da ina memba, in na fita cikin Agusta na taka dokarku, har ina ɗan jin kunya. Yanzu kuwa ba ni da shugaba, ba ni da sakatariya. Ni wani tsoho ne kawai mai jarka.

Ki kafa allunanki, na yarda. Kafin Satumba dai mutane za su ji ƙishi. Da asuba nake fita, in dawo kafin rana ta take. Ki daina kuka.

Allah ya yi miki albarka.

Baffanki

Tabernas, 17 ga Agusta

Casilda,

Ni ce Remedios. Na kasa faɗa miki rasuwar baffanki ta waya, sai maƙwabta na sa.

Kin tambaye su yadda aka same shi, sun ƙi gaya miki. Wani makiyayi ne ya gan shi zaune a busasshen rafi, saura kaɗan ya kai Jan Dutse. Gorarsa babu ko ɗigo. Jarkar kuwa tana bayansa a cike, ko murfin bai kwance ba. Tun muna matasa haka yake, ruwan da ya ɗauko domin tulu ba ya sha, wai ba nasa ba ne.

Kwamiti ya aiko da furannin ta'aziyya, na mayar musu. Ke ki zo. Na kasa kwance jarkar daga igiyarta ni kaɗai.

Innarki